Daga zauren Baba Malam zuwa Tanjung Malim: yadda na yi digiri na biyu a fannin ilimi

Ni malamar firamare ce, haifaffiyar Daura, kuma har yanzu a firamare nake koyarwa. Na fara da faɗin haka ne saboda yawancin 'yan uwana malamai da ke tare ni da tambaya a kan karatun waje sun ɗauka sai malamin jami'a ko ɗan gidan masu hali ne ke ƙetare ruwa ya yi digiri na biyu. Ni ba ko ɗaya ba ce a cikinsu, kuma Allah ya nufa na je Malesiya na dawo. Zan ba da labarin yadda abin ya kasance, da daɗinsa da ɗacinsa.

Mahaifina malamin allo ne, zaurensa ba nisa da rijiyar Kusugu. Baba Malam muke ce masa, shi kuma "uwata" yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. A wannan zauren na yi babbaƙu da farfaru tun kafin in riƙe fensir. Bayan sakandare na yi NCE a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, na yi aure, na kama aiki, daga baya na yi digirin farko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina da goyo a bayana. Mata da yawa sun bi wannan hanya kafin ni, ba wani abin a zo a gani ba ne.

Abin da ya tayar da ni tsaye wata yarinya ce 'yar aji uku. Mai ladabi ce, ba ta fashi, kuma idan na rubuta jimla a allon aji na karanta, muryarta ce ke fara amsawa. Ran nan na rubuta kalma guda a takarda, kalmar Hausa mai gaɓa biyu wadda ba mu taɓa rerawa a aji ba, na miƙa mata. Ta duba, ta sake dubawa, ta sunkuyar da kai. Shekararta ta uku ke nan tana zuwa makaranta, ashe baki ne ke karatu, ido bai san komai ba. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, na tarar waɗanda suka iya 'yan ƙalilan ne.

Da la'asar na je gaida su Baba, sai ga yarinyar nan a zaure da allonta a cinya. Baba ya ɗora tsinke a kan baƙi, ta faɗi sunansa. Ya tsallaka wani layi, ta faɗa. Ya nuna mata wasali, ta haɗa ta karanta. Yarinya ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, da safe ba ta iya karanta harshen da take magana da shi, da yamma tana warware rubutun harshen da ba ta ji. Na zauna a bakin ƙofar zauren na kasa tashi.

Tun daga ranar na fara kallon aikin Baba da idon malama. Ba ya barin yaro ya wuce baƙi sai ya san shi. Sunayen da muke kiran baƙaƙen ma suna taimaka wa yaro ya riƙe kamanninsu da inda suke zama: ba guje, lam ara, mim jaye, ha kuri. Sai an gama da baƙaƙe tsirara sannan a shiga farfaru, a sa wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a, yaro ya ji yadda sauti ke juyawa. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, kuma ba a wanke allo sai an iya. Mu kuwa a boko, yara cike da aji har bakin taga, mu rera su amsa, mafi yawa da Turancin da ba mai yi da su a gida, shekara ta ƙare mu tura su gaba. Alhali manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare. Takarda ta faɗa, aji bai ji ba.

Wannan tambayar ce na ɗauka na tafi da ita Malesiya: shin tsarin babbaƙu da farfaru zai yi aiki wajen koyar da karatun Hausar boko?

Me ya sa Malesiya? Ƙanena yana digiri na uku a jami'ar Putra da ke Serdang, shi ya fara ba ni labarin wata jami'a da ba ta da aikin da ya wuce horar da malamai, Jami'ar Ilimi ta Sultan Idris a garin Tanjung Malim, jihar Perak. Kasancewarsa a ƙasar shi ya sauƙaƙa maganar a gida, domin tambayar farko da Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta yi ita ce, wa zai tsaya mata a can? Ta biyu kuma, yara fa? Ba ta faɗi don ƙiyayya ba, tambayoyi ne na gaskiya, ni ma sun hana ni barci. Maigidana ya ce shi ya amince, Inna ta ce a kawo mata yaran. Baba ya yi shiru har aka gama, sannan ya ce, "Uwata, in don yaran mutane za ki je, je ki, Allah ya tsare. In don a ce kin je ne, zamanki ya fi." Na riƙe wannan maganar.

Kuɗi kuwa daga aljihunmu. Tallafin TETFund na malaman manyan makarantu ne, malamin firamare ba ya ciki. Na sayar da filina na gado da ke hanyar Mai'aduwa, na sayar da sarƙa da 'yan kunnen da aka yi mini na aure, 'yan adashenmu suka yarda aka ba ni kwasar farko, maigidana ya ɗauki nauyin abinci da haya. Takardun shiga ƙasar duk ta hannun EMGS, hukumarsu mai kula da ɗaliban waje, suke bi: sai jami'a ta ba ka gurbi, a duba takardunka, a fitar maka da takardar amincewa, sannan a buga maka biza. Ga katin rigakafin shawara, ga gwajin lafiya da ake sake yi bayan ka sauka. Malesiya ta buɗe iyakokinta bayan korona a watan Afrilun 2022, ni kuma a ƙarshen shekarar na tashi daga Kano.

Abin da ya fara karɓata ruwan sama ne. Mutumin Daura ya san damina wata uku zuwa huɗu ce, sauran shekara rana da hunturu. Can kusan kullum da yamma sai hadari ya haɗu, ga zufa ko da ana ruwa, wanki ya kwana biyu bai bushe ba. Shinkafa safe, rana, dare, da madarar kwakwa, miya kuma da zaƙi-zaƙi. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewar da Inna ta ɗaure mini su suka riƙe ni. Ta fuskar addini kam na samu natsuwa: ko'ina akwai wurin salla, a tashar jirgin ƙasa, a kasuwa, a kowane bene na makaranta. Su Shafi'awa ne, mu Malikawa, akwai 'yan bambance-bambance, amma ba wanda ya taɓa ɗaga mini gira. Wata rana ina tilawa a masallacin mata, sai na ga an kewaye ni ana saurare. Da Hafsu suka saba, ba su cika jin Warshu ba. Da na buɗe musu Alƙur'anin da na zo da shi, suka ga fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, suka yi ta ɗaukar hoto. Daga nan na yi ƙawaye.

Akwai wani abu a tarihin makarantar da ya taɓa ni ƙwarai. An buɗe ta a 1922 a matsayin kwalejin horar da malamai, shekarar da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, ita ma don horar da malamai. Shi Clifford ɗin a ƙasar Malaya ya fara aikin mulkin mallaka kafin ya zo Najeriya, kuma can ya sake komawa gwamna a 1927. Tsohon gininsu yanzu gidan tarihin ilimi ne, tsohon ginin tamu kwalejin ma gidan tarihi ne a Katsina. Tamu ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Isa Kaita, aka ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938, daga baya Zariya, ta zama Barewa. Tasu ta zauna inda take, ta ci gaba da aikin malanta har ta zama jami'a a 1997. Na tsaya a gaban ginin nan ina tunanin kwalejojin horon malamai da iyayenmu suka yi, irin ta Daura da ta Katsina, waɗanda suka fitar da malaman da har yau ake ba da labarin iya koyarwarsu. Ba na cewa a koma jiya. Amma ƙasar da ta riƙe horon malami da muhimmanci shekara ɗari, dole a ga alamar hakan a ajinta.

Wadda aka ba ni ta duba aikina farfesa ce, dattijuwa, ita ma da koyarwa a firamare ta fara. "Cikgu" take kirana, yadda suke kiran kowane malamin makaranta. A zamanmu na farko na zazzage mata labarin yarinyar nan da zauren Baba, ina jiran ta ce madalla. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Cikgu, na yarda kin gani. To wanda bai je Daura ba, da me za ki nuna masa?" Ta ce in je in rubuta mata yadda Baba ke koyarwa, mataki bayan mataki, abin da yake faɗa, abin da yaro ke yi, yadda yake gane cewa yaro ya iya. Na yi ta kiran Baba a waya ina tambayarsa abubuwan da na tashi ina gani ban taɓa tambaya ba. Har ya ce, "Uwata, kin tafi bangon duniya ne don ki koma babbaƙu?" Na ce masa haka ne, Baba.

Karatun kansa ya ba ni wuya, ba zan ɓoye ba. Digirin farko a gida mun saba da malami ya ba da takarda a haddace a zuba masa. Nan kuwa a ba ki maƙaloli ki karanta, ki zo ki faɗi inda marubucin ya yi rauni. Ni da aka tarbiyyantar a kan cewa ba a ja da malami, sai da na koyi cewa ja da hujja ba rashin kunya ba ne. Darasin dabarun bincike da ƙididdiga ya sa na zubar da hawaye a ɗakin karatu, sai wata 'yar Indonesiya da muke zama tare ta zaunar da ni ta koya mini SPSS, manhajar ƙididdiga, dare bayan dare. Duk abin da ka rubuta sai an zuba shi a Turnitin a ga ko ka kwafo. Ga darasin harshen Malay da ake sa ɗaliban waje su yi. Amma a cikin wannan karatun ne na gano cewa abin da Baba ke yi yana da 'yan uwa a duniya. Kwamitin da Amurka ta kafa kan koyon karatu ya ba da rahoto a shekarar 2000 cewa koyar da sautin baƙaƙe bi da bi, a tsare, yana taimaka wa yara su iya karatu. Ingila ta bi wannan hanya bayan rahoton Rose na 2006. A gida kuma, tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajin Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare. Ga shirin RANA da aka yi a jihohin Katsina da Zamfara na koyar da karatu da Hausa. Abin da ban ci karo da shi da yawa ba shi ne wanda ya shiga zauren malamin allo ya tambaye shi yadda yake yi.

Farfesa ta haɗa ni da wata firamare a wajen gari ina zuwa kallo. Gini da kujeru ba su ne suka tsaya mini a rai ba, kowa ya san sun fi mu kuɗi. Wani ɗan ƙaramin ɗaki ne, da malama guda wadda aikinta kawai yaran da aka gwada aka ga suna baya a karatu da lissafi. Ana ɗebo su kaɗan-kaɗan, ta zauna da su gaɓa bayan gaɓa, wanda ya iya ya koma ajinsa. Sannan suna koyar da Jawi, wato ajaminsu, a cikin makarantar gwamnati. Tun 2005 suka shigo da shirin da ya haɗa Jawi da Alƙur'ani da Larabci da farillan addini a firamare. Ba su raba yaro biyu ba, rabi na safe rabi na yamma. Kuma su ma sun taɓa gwada abin da muke yi: a 2003, zamanin Firaminista Mahathir, suka mayar da koyar da lissafi da kimiyya zuwa Turanci, a 2009 suka yanke shawarar janyewa, kuma cikin dalilan har da yadda yaran karkara ke shan wahala. Ranar 16 ga Mayu kuwa, ranar malamai a can, na ga yara suna layi suna sumbatar hannun malamansu, na tuna yadda ake gaida Baba, na kuma tuna yadda ake yi wa malamin firamare kallon wanda ya rasa abin yi.

Sai 2023 ta zo da nata. Farkon shekara aka yi canjin kuɗi, a gida ma samun na cefane ya zama aiki. A watan Yuni aka saki Naira, dala da take wajen 460 a farashin gwamnati ta tashi, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Lissafin da muka yi da maigidana a kan tabarma kafin in taho ya rushe gaba ɗaya. Kuma Malesiya ba ƙasar da ɗalibi zai dogara da aiki ba ce: doka ta yarda da awa 20 ne a mako, a lokacin hutu kawai, a wasu 'yan wurare, shi ma da izini. Na bar ɗakina na koma muka haɗu da wasu mata a ɗaki guda, tukunya ɗaya. Akwai 'yan Najeriya da na sani da suka tattara suka koma ba su gama ba, kuma ba ragwaye ba ne. Ni abin da ya cece ni yayyena ne da suka haɗa hannu, da maigidana da ya sayar da babur ɗinsa bai gaya mini ba sai da na dawo.

Kewar yara ta fi rashin kuɗi ciwo. Malesiya na gaban Najeriya da awa bakwai, don haka sai ƙarfe tara na dare a wurina sannan yarana ke dawowa daga makaranta. Babbar takan ba ni labarin komai. Autan kuwa, da farko yana kuka yana miƙo hannu ga waya, daga baya ya daina zuwa. Inna ta ce, "Zo ga Mamanka," ya ɓuya a bayanta. Duk macen da ke shirin tafiya ta bar ƙaramin yaro, ta san da wannan tun kafin ta sayi tikiti. Ya wuce, mun shirya, amma ban manta ba.

Tattara bayanai a Daura na yi shi. Na nemi izinin ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da shugabannin makarantu da iyayen yara. Na yi amfani da gwajin EGRA na Hausa: a ba yaro takarda, a danna agogo, a ƙirga baƙaƙe ko kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya. Wasu azuzuwan aka ci gaba da koyar da su yadda aka saba, wasu kuma muka bi tsarin zaure: baƙi ɗaya sai an san shi, sannan wasali, sannan gaɓa, sannan kalma, kowane yaro da ɗan allonsa da alli. Malaman allo da na je hira da su da farko sun yi ɗari-ɗari, sun ɗauka gwamnati ce ta aiko a ƙirga almajirai. Baba ya sa rawaninsa ya raka ni zaure-zaure, yana cewa, "'Yata ce, ilimi ta zo nema wurinku." Daga nan bakuna suka buɗe, wasu har suna gyara mini tambayoyina.

Abin da na samu ya faranta mini, ya kuma rage mini zafin kai. Yaran da aka bi da su a tsare sun fi saurin haɗa gaɓa, musamman waɗanda suka riga suka kai farfaru a allo; da zarar malama ta nuna musu cewa aikin wasali ɗaya ne a can da nan, sai ka ga fuska ta washe. Amma na kuma tarar a zauren ma akwai yaran da hadda ce kawai ke ɗauke da su, in ka tsallaka musu layi sun ɓace. Kuma tsarin yana son malami ya saurari yaro shi kaɗai, abin da ke da wuya a ajin da ya cika ya batse. Da na rubuta babin ƙarshe da zumuɗi, Farfesa ta ja layi a ƙarƙashin rabin jimlolina ta ce makarantu kaɗan na gwada, in faɗi iya abin da suka nuna, kada in yi wa Arewa duka hukunci da su. Ranar kare kundi, ɗaya daga cikin masu jarrabawar ya tambaye ni yaron da bai taɓa zuwa makarantar allo ba fa? Na ce masa shi ma tsarin ya taimake shi, sai dai ya fi ɗaukar lokaci, na nuna masa shafin. Ya gyaɗa kai. Da aka ce na ci, a nan cikin ɗakin na yi sujada.

Na dawo ajina. Akwai masu tambayata, cikin tausayi, wai duk wannan wahala da fili da zinari, a ƙare a firamare? Wasu na nema mini hanyar komawa kwaleji. Ban rufe ƙofa ba, amma ban ga dalilin da zai sa duk wanda ya ƙaro ilimi a kan yara ya gudu daga wurin yaran ba. Aji ɗaya da aji biyu su ne suka fi buƙatar ƙwararren malami, mu kuma can muke tura wanda ya fi kowa rauni.

Masu son fita kuma, ga abin da nake gaya musu. Yanzu hanya ta ƙara tsauri, ko TETFund ta dakatar da tura malamai waje tun Janairun 2025, don haka mai zuwa da kuɗinsa ya yi lissafi da dalar da ta fi ta yau tsada, ya kuma tabbatar hukumomin gida sun san da jami'ar da zai je. Sannan ya tafi da tambayar da ta dame shi daga ajinsa. Na ga waɗanda suka je ba su da ita, aka miƙa musu take, suka raba takardun tambayoyi ta WhatsApp, suka dawo da kwali ba tare da wani abu ya canza a hannunsu ba. In kwalin ne kawai, Bayero da ABU suna nan kusa, da malamai masana, ba sai an sayar da gado ba.

Yanzu duk ranar Asabar muna haɗuwa da malaman aji ɗaya da biyu na makarantarmu da na makwabta, a ƙarƙashin dalbejiyar harabar makaranta, muna gwada darasi a junanmu. Ba alawus, ba takardar shaida, mai zuwa don Allah yake zuwa. Shugabar makarantarmu ta ba mu wani tsohon sito mun share, mun shimfiɗa tabarmi, muna ɗebo yaran da ke baya bayan tara. Bashin adashe na gama biya a bana. Abin da ke gabana yanzu 'yan matan da ke ɓacewa daga aji ranakun kasuwa saboda talla, domin tsarin da ke tafiya baƙi bayan baƙi ba ya jure fashi, kuma na fara zama da iyayensu mata muna neman lokacin da zai yi wa kowa.